Yayata Ce Ta Shayar Da Ɗiyata

Ɗiya ɗaya Allah Ya ba ni, kuma ita ce ta fari. A wajenmu mace ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita. Haka na tashi na tarar, ban kuma taɓa ganin nauyin abin ba sai da ya faɗo kaina.

Ni 'yar Amarawa ce, aure ya kawo ni Illela. Maigidana gyaran babur yake yi a bakin hanyar da ta nufi iyaka, ni kuma ina ɗinki a gida da keken ƙafa. Da cikina ya tsufa aka mayar da ni Amarawa wajen Inna, mahaifiyarmu, in haihu a gabanta. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Yayata, wadda nake bi, a nan garin take aure, lungu biyu tsakaninta da gidan Inna, kuma a lokacin tana goyon ɗa namiji ɗan watanni.

Na haihu lokacin da ake dashen albasa a fadama. Haihuwar ba ta ba ni wuya ba. Inna ta ɗora tukunyar wanka, safe da yamma tana fyaɗa mini ruwan zafi da ganyen dogon yaro, in na fito in tarar da kunun kanwa yana jirana, sannan in hau gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Haka aka yi mata, haka ta yi wa Yaya, duk suka tashi garau. Na ji daɗin kwanakin nan. Da zarar Inna ta fita tsakar gida sai in jawo yarinyar in buɗe zanin da aka naɗe ta, in yi ta kallon yatsun ƙafarta, in shinshina wuyanta. In na ji motsin takalmi sai in mayar da ita in kawar da kai kamar ban san da ita ba.

Bayan suna da ɗan lokaci tari ya kama ni. Busasshen tari ne, ba majina. Sai ƙafafuna suka fara kumbura, in na danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai na tsaya na dafa bango. Kwanciya ta gagare ni, in na miƙe sai in ji kamar an danne mini ƙirji da turmi, dole in jingina da bango a zaune.

"Sanyi na ya shige ki," in ji Inna. Ta ƙara wa ruwan wanka wuta, ta ƙara wa kunu kanwa. Iyakar abin da ta sani ke nan, da shi kuma ta raini kowa.

Wata safiya na sunkuya zan ɗauki yarinyar daga kan tabarma, sai na kasa ɗagowa. Na durƙushe a gefenta ina neman iska da baki a buɗe. Ina jin kukanta, ina jin salatin Inna, amma kamar daga wani gida. Aka kira maigidana a waya, ya zo da motar wani abokinsa. Ya ce asibitin Illela za mu, kuma ba a san abin da za a tarar ba, gara a bar jaririyar.

Yaya ta shigo a guje da ɗanta a baya, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Ta sunkuya ta ɗauki yarinyar ta rungume a ƙirji. Ana riƙe da ni za a fita da ni, na juyo na kalle ta.

"Tahi ki nemi lahiya," in ji ta. "Nono biyu Allah Ya ba ni, su ma biyu na. Mi kike tsoro?"

A asibitin Illela ba su riƙe mu ba. Suka saka mini robar iska a hanci, suka yi mini allura, suka ce a wuce da ni Sakkwato. A cikin mota, wajen Gwadabawa, na ji gaban rigata ya jiƙe. Lokacin shan nononta ne ya yi. Na ja mayafi na rufe, don kada maigidana ya gani.

A babban asibiti aka kwantar da ni, Inna ce mai jinya. Bayan na ɗan samu numfashi suka kai ni wani ɗaki, likita ya shafa mini wani mai mai sanyi a ƙirji, ya ɗora na'ura, sai ga zuciyata a allo. Ban gane komai ba sai wani abu mai duhu yana motsi a hankali kamar wanda ya gaji. Likitan dattijo ne mai haƙuri. Ya ce naman zuciyar ne ya yi rauni, ta buɗe ta yi girma, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Ya ce akwai irin wanda ke zuwa bayan zazzaɓi ko mura, cuta ta shiga naman zuciya ta kumbura shi, har samari majiya ƙarfi yana kayarwa. Akwai kuma irin nawa, mai bin bayan haihuwa.

Inna ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta ce, "Likita, wankan da nay yi mata na ya jawo?"

"Inna, ko matan da ba a yi wa wankan jego ba yana kama su," ya ce. "Ba a gama sanin dalilinsa ba. Amma kanwa da gishiri suna tara ruwa a jiki, zafin nan kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Daga yau a bari."

Ta gyaɗa kai. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Sai ya juyo gare ni ya ce jikina ba zai ɗauki shayarwa ba a halin da nake, za su ba ni maganin da zai ƙafar da nono. Ban yi gardama ba, wa zan shayar a can? Amma kafin maganin ya kama na sha wuya. Nonon ya cika ya yi tauri kamar dutse, Inna ta ɗaure mini ƙirji da ɗankwalinta. Duk jaririn da ya yi kuka a ɗakin da ke kusa da namu sai in ji ya tsatso. Ranar da na farka na ji ƙirjina sakayau, ba nauyi ba ciwo, ranar na yi kukan da ban yi ba tun zuwanmu. Ma'aikaciyar jinya ta zaci numfashin ne ya tashi, ta zo tana duba robar hancina.

Maigidana ya raba kansa uku, shago da Amarawa da Sakkwato. In ya je gidan Yaya sai ya kira wayar Inna, ya miƙa wa Yaya. Ni kuwa ga Inna zaune a bakin gado, ba zan iya cewa yaya ɗiyata ba. Sai in ce, "Yaya, ya yaran?"

"Yaran lahiya lau," ta kan ce tana dariya. "Wadda kike nuhi ma lahiya lau. Ta hi nawa ci."

Bayan an yi haka sau da dama, da wayar ta yi ƙara sai Inna ta miƙo mini ta tashi. "Bari in ɗebo ruwa," ta kan ce, alhali buta a cike take. Tana fita sai in ce wa Yaya ta kara wayar a bakin yarinyar. Wani lokaci gurnani nake ji, wani lokaci ƙarar haɗiyar nono, wani lokaci ba komai sai kukan awaki a tsakar gidan. Ko shi ɗin ina saurara har kuɗin wayar su ƙare.

Gadon da ke kusa da nawa wata Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Gidan Katta, ciwonmu ɗaya, ita haihuwarta ta uku. Danginta sun yi zango a gindin bishiya a harabar asibitin, kuma kullum da hantsi surukarta ta kan shigo mata da jaririn ta gan shi. Rannan ta lura da yadda nake kallonsu, ta yi wa tsohuwar magana da Fulatanci, sai tsohuwar ta zagayo ta ɗora mini shi a cinya. Daga ranar kullum sai an ba ni shi na ɗan riƙe. Yana warin nono da hayaƙi. Uwar ba ta koma rugarsu ba, a gadon nan Allah Ya karɓi abarsa. Da suka zo kwashe kayanta tsohuwar ta tsaya a gabana da yaron a baya, ta juya shi na ga fuskarsa, ta ce Allah Ya tashi kafaɗata.

Da aka sallame ni ba a bar ni na koma gida ba. Likita yana son ganina akai-akai, sai muka zauna gidan wani kawunmu a cikin Sakkwato. Sau ɗaya numfashin ya sake tashi aka mayar da ni gado. Duk zafin bazara a can na yi shi. Sai da aka yi ruwan farko aka ce zan iya tafiya, da sharuɗɗa: magani kullum ba fashi, ba gishiri sai kaɗan, ba ɗaukar kaya, ba taka keken ɗinki, ba goyo. Likita ya sa aka kira maigidana, ya faɗa a gabanmu duka cewa wani cikin zai iya kashe ni muddin zuciyar ba ta koma daidai ba. Maigidana ya ce ya ji. Har yau bai taɓa sauya magana ba, ko da mutane suka yi ta yi masa surutu.

Kai-tsaye Amarawa muka wuce. Na tarar da Yaya tana tankaɗe a tsakar gida, yara biyu a kan tabarma a gefenta. Na bar jaririya wadda ba ta riƙe wuya, na tarar da yarinya zaune daram tana bugun murfin kwano da ludayi. Ta yi ƙiba, ta yi haske, an huda mata kunne. Ban san lokacin da aka huda ba.

Na gaisa da kowa, na sha ruwa, na tambayi mijin Yaya gona, duk ban kalli tabarmar ba. Sai da maza suka fita Yaya ta ɗauko ta ta ajiye mini a cinya. Yarinyar ta ɗaga kai ta dube ni, ta dubi Yaya, sai ta ɓare baki. Ta yi ta miƙa hannu tana banƙarewa har ta kusa zamewa. Na riƙe ta da ƙarfi, na ji zuciyata tana dukan haƙarƙarina.

"Baƙunta ta," in ji Yaya. "Kwana biyu za ta saba."

Ta karɓe ta ta ba ta nono, nan take ta yi shiru, tana sha tana leƙena ta gefen ido.

Aka yanke shawara ta zauna wajen Yaya har yaye. Ba wanda ya tilasta mini, ni ma na san ba ni da abin ba ta. Na koma Illela ɗakina, keken ɗinki a lulluɓe, na koyi ɗinkin hula da allura don in samu abin riƙewa a hannu. Duk ranar da jikina ya yi daɗi maigidana ya kan ɗauke ni a babur, a hankali, mu je Amarawa. Kullum sai na tarar an yi wani abu ba ni nan. Haƙori ya fito. Ta fara rarrafe. Ta miƙe ta kama bango. Yaya ba ta ɓoye mini komai, har kwaikwayon yadda aka yi take yi mini, amma labari ne. Da bakinta ya buɗe ta bi ɗan Yaya tana kiran Yaya Mama. Ni kuma suka sa mini Maman Illela.

Da aka yaye su Yaya da kanta ta haɗa kayanta a leda ta kawo mini ita. Ta zauna har yarinyar ta shagala da wasa, sannan ta sulale. Da yarinyar ta waiga ba ta ga Yaya ba sai ta ɗauki takalmanta ta riƙe a hannu, ta je bakin ƙofar zaure ta tsaya. Ba ta yi ihu ba. Tsayuwa kawai take yi tana kallon hanya, in an ɗauko ta ta koma. Na dama kunu ta ƙi, na dafa shinkafa da wake ta ƙi, ubanta ya sayo mata biskit da madarar gwangwani ta karɓa ta riƙe ba ta ci ba. Cikin 'yan kwanaki wuyanta ya fito.

Na rasa dabara, sai na ɗauki zani na goya ta. Na san an hana ni. Na yi ta zagaya tsakar gida da ita ina jijjigawa, har na ji kanta ya kwanta a tsakanin kafaɗuna, numfashinta yana ɗumama mini baya. Ranar ta ci tuwo loma uku a hannuna. Washegari na sake goya ta, jibi ma haka. Kafin mako ya zagayo tarin ya dawo, takalmina ya ƙi shiga ƙafata.

Maigidana ya dawo daga shago ya same ni a jingine ina haki, yarinyar tana bakin zaure. Ya tsuguna ya danna ƙafata da yatsa, ya ga yadda ta lotsa.

"Goyo kinka yi," ya ce.

Ya ɗago ya dube ni.

"In kin mutu, ita ɗin wa za ta kira Maman Illela? Ki bari ta girma ta san ki."

Na ce ya ba ni ko mako ɗaya, ta fara sabawa. Ya ce da safe Sakkwato za mu, kuma ba za a bar yarinya ita kaɗai a gida ba. Da la'asar ya ɗora ta a gaban babur. Da ta gane hanyar da za su bi sai ta fara dariya tana bubbuga tankin mai. Ina tsaye a zaure ina jin dariyar har suka sha kwana.

Wannan kwanciyar ba ta yi tsawon ta farko ba, amma bayanta ba wanda ya ƙara tayar da maganar dawo da ita, har ni. Ta shiga makarantar allo a Amarawa tare da ɗan Yaya, sannan ta boko. Mutanen garin da yawa sun ɗauka tagwaye ne. Inna ta rayu ta ga sun fara wayo. Har ƙarshen rayuwarta maƙwabta suna kiranta wankan mai jego, tana zuwa, amma ta kan surka ruwan, kuma kafin ta fara sai ta kama ƙafar mai jegon ta danna. In ta ga ta lotsa sai ta ajiye ganyen ta ce a nemo mota.

Ni kuma ina nan. Zuciyar ta ɗan farfaɗo, ba ta koma yadda take ba. Ina shan magani safe da yamma, in ya yanke a nan maigidana ya tsallaka iyaka zuwa Ƙonni ya nemo. An yarda in yi ɗinki da keken lantarki. Duk Sallah nakan ɗinka wa yaran Yaya kaya gaba ɗayansu, don kada a ce na ware ɗaya, sai dai nata nakan bar shi ƙarshe in yi shi a natse.

Ana saura kwana kaɗan ƙaramar Sallar da ta wuce, ranar kasuwa, Yaya ta biyo da yarinyar. Ta yi tsawo, ta kusa kafaɗata. Yaya ta ce za ta shiga kasuwa sayen kayan miya da atamfa.

"Ki tsehe mata kai ki kitse," ta ce. "Hannuna ciwo shikai kwana biyun ga."

Na dubi hannun, ban ga abin da ya same shi ba. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Na shimfiɗa tabarma a inuwa, na zauna kan kujera 'yar tsugunno, yarinyar ta zauna tsakanin ƙafafuna ta jingina bayanta da gwiwoyina. Gashinta cike yake, mai laushi irin na dangin ubanta. Na tsefe, na shafa mai, na fara tsaga. Ɗaga hannu na dogon lokaci yana gajiyar da ni, don haka in na yi layi biyu sai in sauke hannuwana a kafaɗunta in huta. Na zaɓi ƙanana, irin waɗanda ke cin lokaci.

Muna cikin haka ta ce, ba ta juyo ba, "Maman Illela, Mama ta ce da kina asibiti kullum sai an kara mini waya kin saurare ni."

Na ce haka ne.

"To mi nike cewa?"

"Ba ki cewa komai. Nono kike sha."

Ta yi dariya har kitson ya kuɓuce mini, na ce ta zauna daidai. Ta ƙara tambayata ko ciwon yana yi mini zafi yanzu, na ce a'a, gajiya ce kawai. Ta ce in na gaji in bari, Mama ta ƙarasa mata a gida. Na ce ban gaji ba.

Kafin in kai rabin kai azumi ya kwantar da ita, domin bana ta fara gwadawa. Kanta ya langaɓe a cinyata ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe. Ban tashe ta ba. Na ƙarasa gefen da ke sama, na zauna ina jira ta juya da kanta.

La'asar ta yi Yaya ta dawo da kaya niƙi-niƙi. Ta tsaya a bakin zaure ta dube mu, ta dubi rabin kan da ba a kitse ba.

"Wagga ba ta tahiya gida da kai rabi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ta kwana nan, gobe ki ƙarasa. Ubanta ya maido ta jibi."

Ta ajiye mini ƙullin tattasai a gefen tabarma ta juya, tana sauri kada motar Amarawa ta cika. Na miƙa hannu na jawo mafici ina kore mata ƙuda, ina lissafin abin da zan dafa mana na buɗa baki, don ban san abin da ta fi so ba.